Dattijon da Na Tsinta a Gonar Dabino

A Tamanrasat, babban garin farko da mutum ke tararwa idan ya shiga Aljeriya ta kudu, na gane cewa babu wani teku da ke jirana. Mutumin da ya haɗa mana tafiyar tun daga Agadas, wani mai suna Sale da ke sa baƙin tabarau ko a cikin ɗaki, ya ce mini akwai masu jiragen kamun kifi a can arewa suna neman mai gyaran inji. Ni kuwa sana'ata ke nan. A Warra na tashi, a bakin tafkin Kainji, tun ina saurayi nake kwance injin jirgin ruwa in mayar. Da kifi ya ja baya, masu jirage suka fara jingine injinansu suna komawa ga tuƙi da filafili, aikina ma ya ja baya. Ina da mata, Hauwa'u, da 'ya'ya biyu, ga mahaifiyata Inna. Abin da ya fitar da ni ke nan.

Sale ya sauke mu a wani gida mai ɗakuna babu ƙofofi, ya karɓi wayoyinmu da takardunmu, wai zai je ya yi mana rajista. Ba mu sake ganinsa ba. Muka zauna muna kallon juna, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan Mali, kowa na ɓoye ɗan abin da ya rage masa a cikin wando. Wata safiya wani Balarabe ya zo da mota mai buɗaɗɗen baya yana tambayar wanda ya san inji. Na ɗaga hannu. Ban tambayi inda za mu ba, don ko ya faɗa ba zan gane ba.

Mun yi tafiya mai tsawo cikin yashi da duwatsu har muka isa yankin Adrar. Gonar da aka kai ni tana bayan wani ƙauye, dabino a jere, tumatir a cikin rumfunan leda, da rijiyar burtsatse mai babban inji. Aikina shi ne in tada injin, in saki ruwa, in rufe, in gyara idan ya tsaya. Mai gonar, Alhaji Mabruk, mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba. Ya ba ni ɗaki mai tsafta, da gari, da mai, da shayi, da wata tsohuwar waya. Haƙƙina bai taɓa makara ba. Sai dai a gari yake zaune, sai ya yi mako bai leƙo ba, idan ya zo kuma Larabcina na makarantar allo ba ya wuce gaisuwa da godiya.

Da farko na ji daɗi. A Warra ban taɓa cin tuwo ni kaɗai ba, ban taɓa ɗaure ƙusa ɗaya a rumfata ba tare da mutum uku suna gaya mini yadda ake yi ba. A nan kuwa babu mai tambayata komai. Na ce wa kaina zan huta, in tara abin da zan tara, in koma.

Ban san lokacin da hutun ya koma ciwo ba. Na fara yi wa injin magana, ina masa faɗa idan ya yi tari, ina yaba masa idan ya tashi da wuri. Na daina dafa abinci, don mutum ba ya hura wuta saboda cikinsa kaɗai kullum. Burodi da shayi suka ishe ni. Wandona ya fara zamewa. Kaina ya riƙa sarawa, ƙirjina ya yi nauyi kamar an aza mini buhun shinkafa jiƙaƙƙe. Wata rana Alhaji Mabruk ya yi sallama, na buɗe baki zan amsa, muryar ta ƙi fita sai da na yi gyaran murya sau biyu.

Waya ba ta kamawa sai na hau wani tudun yashi a bayan gona. Idan na kira gida nakan ce komai lafiya. Hauwa'u takan yarda, ko ta yi kamar ta yarda. Inna kuwa ba a yi mata haka.

“Haruna, wagga murya ba ta mai lafiya ba ce,” in ji ta. “Mi kaka ci?”

“Komai akwai, Inna.”

“Ban tambaye ka abin da ke akwai ba.”

Ranar da jiri ya kayar da ni a gefen injin, Alhaji Mabruk ya kai ni asibitin ƙauyen. Likitar mace ce, mai ƙaramin jiki, ta sa aka kira wani Buzu mai gadi da ke jin Hausa ya yi mana tafinta. Ta gwada ni, ta ce jinina ya hau, ta rubuta magani. Sannan ta ajiye alƙalami ta yi wata tambaya. Buzun ya juyo ya ce, “Ta ce da wa kake cin abinci?”

Na ce ba kowa.

“Da wa kake hira?”

Na ce da inji, ina jiran su yi dariya. Babu wanda ya yi. Ta ce in sha maganin kamar yadda ta rubuta, amma in nemi mutane, don ta ga ma'aikatan gona da yawa sun zo mata da irin wannan ciwon, kuma ƙwaya kaɗai ba ta tashe su ba.

A hanyar komawa na tuna kifin da ambaliya ke bari a kududdufi idan ruwa ya janye. Ruwan yana nan, abinci yana nan, amma kullum kududdufin ƙanƙancewa yake yi. Na ƙudurta a raina cewa ba haka zan ƙare ba. Daga wannan makon na fara taka ƙafa zuwa masallacin Juma'a na ƙauyen, duk da nisa da zafin rana.

A ɗaya daga cikin waɗannan tafiye-tafiyen ne, ina wucewa ta gefen katangar wata tsohuwar gonar dabino, na ji ana yi wa akuya faɗa da Hausa. Ba Hausar Agadas ba, ba ta Kano ba. Tamu ce, ta ƙasar Yawuri.

“Ke wagga ɗiyar banza, sauka nan. Mi kika aje bisa katanga?”

Ƙafafuna suka tsaya da kansu. Na leƙa. Wani dattijo ne dogo, ya rame har ƙasusuwan kafaɗarsa suna tokare riga, gemunsa fari fat, yana riƙe da lauje.

“Salamu alaikum, Baba. Daga Yawuri?”

Ya dube ni tun daga kai har ƙafa. Ya amsa sallamar, don ba ya da yadda zai yi, sannan ya ce, “Ban da ɗan'uwa a nan. Wuce ka tahi sallarka.”

Na wuce. Buzun asibiti ne ya ba ni labarinsa bayan an idar da salla. Sunansa Manu. Ya fi shekara talatin a ƙasar. Masu gonar sun koma birni sun bar shi yana kula da ita. Ba ya shiga mutane, ko sallar Juma'a a sahun ƙarshe yake yi ya fice. 'Yan ƙasarsa sun sha cutarsa a baya, shi ya sa idan ya ji Hausa yake ƙara ɗaure fuska.

Na dubi wannan dattijo na ga inda tawa hanyar za ta kai ni idan na bar ta. Ban sani ba ko shi na tausaya wa ko kaina.

A kasuwar ƙauyen akwai wata mata 'yar Nijar mai sayar da kuka da daddawa. Na saya, na tuƙa tuwo da garin alkamarsu, na kaɗa miya da kifin gwangwani. Ba tuwon Inna ba ne, amma ƙamshinsa ya sa na ji yunwa karo na farko cikin watanni. Juma'a ta gaba na kai masa a kwano, na ajiye a kan katanga. Da na dawo daga masallaci na tarar akuyar ta cinye, shi kuma yana can gindin dabino ya juya baya. Na ɗauki kwanona. Wata Juma'ar na sake kawowa, akuyar ta sake samu. Na ce wa kaina ko akuyar ce za ta yi ƙiba, ba zan fasa ba.

Ban riƙe ko a karo na nawa ne ba na tarar da kwanon a wanke, an kife shi. Ina ɗaukar kwanon sai ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

“Daddawar ta yi yawa.”

“Zan rage, Baba.”

“Wane gari?”

“Warra.”

Can ya ce, “Har yanzu ana kama giwan ruwa?”

Na ce ana kamawa, amma ba kamar da ba, sai an yi sa'a. Ya ce shi mutumin Shanga ne, kuma da ƙuruciyarsa sun taɓa kama wadda sai da mutum huɗu suka ɗauke ta zuwa kasuwar Yelwa. Na ce masa duk tsohon da na sani ya kama wannan kifin. Ya harare ni, sai kuma bakinsa ya motsa kaɗan. Ranar ban samu huɗuba ba.

Daga nan hira ta buɗe, amma a hankali, kamar ana kwance tsohuwar ƙusa mai tsatsa. Ya ce ya bar gida ne da niyyar aiki ya samu guzurin zuwa Makka. Abokin tafiyarsa ya rasu a hanya. Aka cuce shi, ya sake tarawa, aka sake cutarsa. Shekara ta bi shekara. Ya bar mata da ciki, bai san abin da ta haifa ba.

“Me ya hana ka komawa, Baba?”

“In koma da mi? In ce musu na tahi na dawo da gemu?”

Wata Juma'a na zo ban ji muryarsa ba. Na haura katanga na same shi kwance a gefen magudanar ruwa, cikin rana tsaka, ƙafafunsa sun kumbura, leɓɓansa sun bushe. Ya ce tun jiya yake nan, ya kasa tashi. Na goya shi zuwa bakin hanya, ba shi da nauyin kirki, har Allah ya kawo wani mai motar tumatir ya kai mu asibiti. Likitar nan ta ce zuciyarsa ta gaji. Ta ba shi magani, ta ce amma ba za ta sallame shi ya koma inda babu mai miƙa masa ruwa ba.

Na roƙi Alhaji Mabruk ya bar shi ya zauna a ɗakina, da ɗan Larabcin da na tsinta, rabi da baki rabi da hannu. Ya saurare ni har na gama, ya tafi. Da yamma ya dawo da katifa a bayan mota, da akuyar a ɗaure a gefenta.

Zaman da muka yi da Baba Manu a ɗaki ɗaya ba mai sauƙi ba ne. Ya saba da kansa. Yana ƙin magani, yana ƙin in taimaka masa ya yi alwala, yana cewa ina da surutu kamar kasuwar kifi. Ni ma nakan ji haushi in fita in zauna wurin inji. Amma dole in dafa abinci saboda shi, kuma idan na dafa sai in ci. Dole in tashi da wuri saboda maganinsa. Na gayyato Buzun asibiti, shi kuma ya zo da wasu ma'aikatan gona biyu, ɗaya ɗan Tawa ɗaya ɗan Gawo, muka mayar da bayan sallar Juma'a lokacin cin tuwo a gonarmu. Baba Manu yakan zauna gefe yana gyara wa kowa magana. Ban lura da lokacin da ciwon kaina ya tafi ba. Shi kuma kumburin ya sauka, har ya fara takawa zuwa rumfar tumatir yana gaya mini ina ɓarnar ruwa.

Wata rana na taimaka masa muka hau tudun yashi, na kira Inna, na miƙa masa wayar. Ya riƙe ta nesa da kunne kamar za ta cije shi. Ina jin muryar Inna tana fitowa.

“Kai ɗan gidan wa a Shanga?”

Ya faɗi sunan mahaifinsa da unguwarsu. Inna ta yi ta jero mutane, wance da ta auri wane, wane da ya koma Dugu, har ta faɗo kan wata gwaggonsa da suka taɓa sayar da kifi tare a Yelwa.

“To ka ji,” in ji Inna. “In Haruna zai taho, ku taho tare. Ban son wata magana.”

“Hajiya, ban da komi.”

“Ni ba Hajiya ba ce, kuma ban ce ka kawo komi ba.”

Ya daɗe yana ƙi. Ni kuma na riga na yanke. Na gaya masa ba zan bar shi ba, kuma ba zan ƙara shekara a ƙasar nan ba, don haka ya zaɓa: ko ya bi ni, ko ya riƙe ni a nan 'ya'yana su girma ba su san ni ba, kamar nasa. Maganar ta yi zafi, na sani. Ya yini bai kula ni ba. Washegari ya ce in nemo wanda zai karɓi akuyar.

Alhaji Mabruk ya haɗa mu da wani direba mai kai dabino Nijar, ya cika mana jaka da guzuri, ya rungume Baba Manu ya sumbaci goshinsa. Muka hau saman buhuna tare da wasu matafiya.

Hanyar dawowa ta fi ta zuwa wuya, don yanzu ina da wanda nake jin tsoron rasawa. Bayan mun wuce iyaka, kafin Arlit, motar ta lalace a fili, babu ko bishiya. Muka shiga ƙarƙashinta muna neman inuwa, ni da direba muna fama da inji. Da rana ta take, numfashin Baba Manu ya fara sama-sama. Ya kamo rigata.

“Haruna, in mota ta tashi ku tahi. Nan ma ƙasar Allah ce.”

“Ba inda za mu ba kai, Baba.”

Wata mata 'yar Damagaram da ban ma san sunanta ba ta cire mayafinta na sama ta jiƙa da ruwanta ta shimfiɗa masa a ƙirji. Wasu samari biyu suka riƙa yi masa fifita da kwali suna karɓeɓeniya. Matar ta ce kada a bar shi ya yi shiru. Hannuna na cikin inji, na ɗaga murya na ce masa mun hau jirgi daga Shanga za mu gangara, ya faɗa mini inda za mu tsaya. A hankali ya ce Yelwa. Na ce daga nan fa? Ya ce Zamare. Da gangan na ce masa daga Zamare sai Warra.

“Ƙarya kake,” in ji shi, idonsa a rufe. “Ina ka baro tungayen masunta da ke tsakani?”

Ya shiga lissafo su ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ruwa ya cinye tun kafin a haife ni. Yana cikin yi injin ya tashi.

A Shanga ba mu tarar da gidansu ba, ambaliya ta rushe unguwar tun da daɗewa, mutane sun koma tudu. Yayansa ya rasu. Matarsa ta yi wani aure ta rasu. Cikin da ya bari mace ce, ta yi aure a wani ƙauye, tana da 'ya'ya manya. An daɗe da yi wa Baba Manu addu'ar mamaci. Da aka kira 'yar tasa ta zo, ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, kamar yadda ake gaida baƙon dattijo. Babu wanda ya yi kuka. Da za ta tafi ta ce, “Zan riƙa zuwa, Baba.” Kuma tana zuwa. Ba a ɗinke shekara talatin a yini ɗaya, amma duk wata takan shigo jirgi da ƙunshin fura, kuma yanzu suna iya yin musu.

Baba Manu ya ce Warra zai zauna. Inna ta sa aka share masa ɗakin zaure. Ya gaya wa kowa cewa ya zo ne ya mutu a gida, ba zai wuce damina ɗaya ba. Na sake buɗe rumfata a bakin ruwa. Abin da nake samu bai kai na can ba, amma ya ishe mu. Shi kuma ya samu wuri a gindin mangwaro kusa da ni, yana gyaran komar kamun kifi, masunta suna kewaye shi suna jan sa da musu a kan girman kifin da. Yana shan maganinsa, don idan ya manta mutum biyar za su tuna masa. Damina ta wuce, wasu biyu suka zo suka wuce, yanzu muna cikin ta huɗu.

Bayan ƙaramar sallar da ta gabata ya kira ni gefe, yana ta gyara hula. Ya ce akwai wata bazawara mai bandar kifi, Tamakka, wadda mijinta ya rasu shekarun baya. Ta kusa sa'ar Inna. Ya ce sun yi magana, ta ce idan da gaske yake ya turo manyansa.

“To wa za mu tura, Baba?”

“Kai mana. Wa nike da shi?”

Na sa babbar rigata na je, na durƙusa gaban ƙannenta na nema masa aure, suna ta danne dariya. Ranar ɗaurin auren masallacin unguwarmu ya cika har waje, 'yarsa ta zo daga ƙauye da jikokinsa. Liman ya duba ya ce, “Ina wakilin ango?” Na matso gaba, ni da ban kai shekarun 'yar ango ba. Dariya ta fara tashi daga sahun baya. Baba Manu, wanda ya kamata ya yi shiru kamar kowane ango, ya ɗago kai ya dubi jama'a.

“Ku bar dariya,” in ji shi. “Wanga shi ne ubana. Malam, ɗaura.”